Ranar Da Aka Karanta Babana A Rediyo

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na caɓa ado kamar mai zuwa biki, na nufi gidan rediyo, wurin da babu mai ganin kowa. (Har da lalle. Rediyo fa, jama'a.)

A lokacin ina aiki a wani ofis a Gusau, irin aikin da zaman ya fi aikin yawa. Don kada in tsufa ina kallon fanka, sai na buɗe wani ɗan shafi nawa a intanet, abin da 'yan boko ke ce wa bulog. Ba labarai nake kawowa ba, ban san abin da aka tattauna a majalisa ba, ban kuma damu in sani ba. Abin da ya faɗo mini a rai shi nake rubutawa: tsadar tattasai, halin masu adaidaita, maƙwabciyata da ke aron tukunya ta dawo da murfi kawai. Masu karanta ni ba su da yawa, kuma duk na san irinsu. Ɗalibai, ma'aikata a Abuja, da wata baiwar Allah a ƙasar waje da kewar gida ke damunta. Suna yabo, kaina yana kumbura. Ni ce mai rubutu, ni ce edita, in abu bai yi mini ba in goge. A wurina hira ce ta cikin ɗaki da ƙawaye, ƙofa a rufe.

Mahaifina kuwa yana Tsafe. Tsohon malamin gona ne. Tun da ya yi ritaya, Inna kuma ta rasu, ba shi da abokin hira kamar rediyo. Ba sauraro kaɗai ba, kira yake yi. Da an ce "mun buɗe layi", Baba ya riga kowa. Masu sauraro sun san shi da Alhaji Garba na Bakin Kasuwa. Kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, sai ya gaida mai gabatarwa, ya gaida iyalinsa, ya gaida mutanen 'Yankuzo, ya gaida na Magami, sannan ya gaida abokin musunsa, wani Malam Labbo na Bungudu, wanda ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba amma kullum suna cacar baki a iska. Daga nan sai ya gyara murya ya ce, "Ni dai a nawa ɗan guntun sani..." Taki ne, ƙwallo ne, yaƙin wata ƙasa ne, Baba yana da ɗan guntun sani a kai.

To, wata rana na rasa abin rubutawa, sai na rubuta Baba. Na sa wa rubutun suna "Babana Masanin Komai". Na faɗi yadda kati ke ƙare masa yana tsakiyar gaisuwa. Na faɗi yadda ya taɓa ba wani kocin Turai shawara alhali bai san mutum nawa ke shiga fili ba. Na faɗi ranar da aka katse shi bai sani ba, ya ci gaba da bayani da hannu da ƙafa, mu kuma muna tsakar gida mun toshe baki. Ban ambaci sunansa ba, ban ambaci gari ba. Kuma wallahi da ƙauna na rubuta. A sakin layi na ƙarshe na ce tun da Inna ta tafi, muryar nan tasa a rediyo ita ke gaya mini kullum cewa ya tashi lafiya, kuma ranar da ban ji ta ba, abinci ba ya shiga. Masu karatu suka yi dariya, wasu suka ce sun yi ƙwalla. Ban taɓa rubuta abin da ya zaga kamarsa ba.

Shi ne fa ya jawo mini gayyata. Wani mai gabatar da shiri, Malam Nasiru, ya kira ni ya ce suna son su tattauna da ni a kan masu rubutu a intanet. Kafin ya ajiye waya na riga na zaɓi atamfar da zan ɗaura. Nan take na kira Baba na gaya masa.

"Ke? Cikin rediyo?" ya ce. "Shirin Nasiru? Kai, madalla! Ai kuwa sai na tara mutane."

Ya kuwa tara. Daga baya na ji har goro ya saya, aka shimfiɗa tabarmi a zaure, abokansa suka cika, aka ɗora rediyo a kan kujera. Ni kuwa ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa rubutun da ya sa aka gayyace ni, a kan mai zauren nan na yi shi. (Na san abin da kuke cewa a ranku. Ni ma na faɗa wa kaina, da kalmomin da suka fi naku zafi.)

Aka sa mini abin ji a kunne, jar fitila ta kama. Malam Nasiru ya tambaye ni bambancin abin da nake yi da abin da su suke yi. Sai na gyara zama, na yi muryar manya.

"Ai ɗan jarida abin da ya faru yake faɗa," na ce. "Rediyo kuma kowa sai ya ɗauki waya ya faɗi abin da ya zo bakinsa, ya sani ko bai sani ba. Mu kuwa zama muke yi, mu yi tunani, kafin mu rubuta."

Tunani. Ni da bakina na ce tunani.

Ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Bari masu sauraro su ɗanɗana irin tunanin." Ya ɗauko wayarsa ya fara karanta "Babana Masanin Komai".

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, da farko dariya na yi, kuma makirfo ta ɗauka. Sai da ya iso wurin "ni dai a nawa ɗan guntun sani", ya ja shi da wata murya mai kauri, yana jijjiga kai, sannan na daina dariya. Muryar Baba ce sak. Mutumin da ke amsa kiran Baba kusan kullum, yaya za a yi bai gane shi ba? Ya sani tun kafin ya gayyace ni. Na ɗaga masa hannu, na girgiza kai, ya yi kamar bai gani ba. Abin da na rubuta a hankali don mutum ya karanta shi kaɗai a wayarsa, ga shi ana rera shi kamar wasan kwaikwayo, daga Gusau har ƙauyukan da ban san sunansu ba. Ina ta addu'a ya kai sakin layi na ƙarshe. Saura kaɗan, ya dubi agogo.

"Lokaci ba zai bari mu ƙarasa ba. Mu buɗe layi."

Kira na farko daga Bungudu. Dariya ta riga sallama shigowa.

"Labbo ne! Wallahi na gane shi! Wanga ai Alhaji Garba na! Ashe ɗiyatai ce? Alhaji, kana ji? Abin da ni ka faɗa maka kullum, yau ga shi daga cikin gidanka!"

Na biyu wata mata ce, ta ce Allah shi shirya 'ya'yan zamani, uba ya biya maki boko ki zo ki yi masa tsirara a bainar jama'a. Na uku ya ce shi dai a ƙara karanta wurin kocin nan. Na buɗe baki in yi bayani, Malam Nasiru ya nuna mini da hannu cewa ga wani kiran. A shafina, in wani ya yi mini rashin kunya, sharewa nake yi in sha ruwa. A nan ko numfashina na shirin ne.

Sai na ji sallamar da na sani tun ina goye.

"Garba ne daga Tsafe." Bai gaida kowa ba. "Yarinyar ga ɗiyata ce. Abin da ta rubuta, ba ta yi ƙarya ba. Ku bar zaginta. Allah shi yi mata albarka."

Ya kashe da kansa, ba a katse shi ba.

Ban san yadda aka rufe shirin ba. Kafin in isa gida, wasu shafukan labarai sun riga sun buga: "Matashiya ta tozarta mahaifinta kai tsaye a rediyo." Babu wanda ya neme ni, babu wanda ya buɗe rubutun ya ga ƙarshensa. Na shiga shafina na goge shi, kamar gogewar za ta shiga kunnuwan mutane ta kwaso abin da suka ji.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Tsafe. Baba ya karɓe ni kamar kullum, ya tambayi hanya, ya sa aka kawo mini fura. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Na durƙusa na ba shi haƙuri, sannan na karanto masa sakin layin nan na ƙarshe da ka, ina kuka. Ya saurara har na gama.

"Wurin ga, an karanta shi cikin rediyo?"

"A'a, Baba."

"To," ya ce. Ya miƙa mini ludayi.

Ya yafe mini, wannan ba na shakka. Amma a majalisarsu sunan ya zauna, har masu kayan miya a kasuwa Masanin Komai suke ce masa. Yana nan yana sauraron rediyonsa, amma bai sake kira ba. Wani lokaci Malam Labbo yakan shigo layi ya ce, "Wai ina Alhaji Garba? A gaya mashi wasa ne." Baba sai ya rage muryar rediyon ya tashi alwala.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ɗan jarida yana da edita, mai rediyo yana da agogo da maɓallin katse mutane, ni kuwa ba ni da kowa sai kaina, kun kuma ga irin shawarar da yake ba ni. Yanzu kafin in saki rubutu sai in karanta shi da ƙarfi, in tsaya cak a tsakiya, in tambayi kaina: in nan aka tsaya, wa zai kasa fita ƙofar gidansa? (Wannan ma sai da na karanta wa Baba shi har ƙarshe. Ya ce in cire abu biyu, na cire.) Shi ya sa kwanan nan shafina ya koma girke-girke. Masu karatu sun ragu, wasu na cewa na daina ban dariya. Su yi ta faɗa. Kuɓewa dai ba ta da abokan zaure.