Rasuwar Sha-Gangare da Sunan Ciwon da Ya Kashe Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da murya ƙasa-ƙasa ba, Rahinatu Ahmadu ta garin Tama, mai sana'ar albasa, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Buza, Keita da Madawa rasuwar motarta, abokiyar neman abincinta, farar bashe, wato a-kori-kura, mai rumfar tamfol wadda kowa ya sani da suna Sha-Gangare. Ta cika da hantsi a gangaren dutsen da ke tsakanin Keita da Buza, tana ɗauke da buhunan albasa da fasinja, wato a bakin aikinta.

An haifi marigayiya a ƙasar Turai, a shekarar da takardunta suka faɗi ɗaya, jikinta ya faɗi wata. Ta ci ƙuruciyarta a kan kwalta mai santsi, sai da ta fara furfura aka auno ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano, ita da 'yan'uwanta uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Daga can dillali ya koro su Adar, inda ta gane cewa duniya ba shimfiɗa ba ce. Rahinatu ta saye ta da guminta, gumin shekarun da ta yi tana dakon dutse a aikin raya ƙasa na Keita, da na shekarun da ta yi a sunkuye cikin lambu. Ranar da motar ta shigo Tama mata sun yi guɗa har muryoyi suka dushe. Maza kuwa suka zagaye ta suna shurin ƙafafunta, suna cewa mace da mota, to, mu gani a ƙas. Sun kuwa gani.

An shaidi marigayiya da haƙuri. Ba ta taɓa cewa kaya sun yi mata yawa ba. Ta kai masu naƙuda asibitin Madawa, ta ɗauki ragunan layya suna yi mata abin da suka ga dama a baya, ta kai gawa makwancinta ba ta karɓi ko sisi ba. Da safe takan yi tarinta, "ƙyar-ƙyar-ƙyar," sau biyu ko uku kafin ta ce "burum," odarta kuma ta fi kama da kukan akuya. Amma muryar da aka fi saninta da ita, wadda saboda ita aka tsawaita wannan sanarwa, ita ce wadda take yi duk lokacin da aka murɗa sitiyari: "ƙas... ƙas."

Wannan ƙara ba a ɓoye take ba. Ita da 'yan'uwanta uku duk haka suke yi, kuma da yake su huɗu ne, sai tasha ta yanke hukunci cewa jinin gidansu ne. Abin ya kai har direbobi suna alfahari da shi. In aka kawo irin wannan mota ta sayarwa, sai manya su murɗa sitiyari su kasa kunne. In ta ce ƙas, su gyaɗa kai su ce asali ce, in ta yi shiru su ce jabu. Haka aka yi shekaru ana yi wa ciwo kirari.

Ranar da ajali ya zo, Rahinatu tana zaune a gaba kusa da direbanta Zakariya'u, mutumin da ko goro ba ya ci balle wani abu mai sa maye. A kwana ta biyu ta gangaren, marigayiya ta ce "ƙas" ta ƙarshe, daga nan sitiyari ya riƙa juyawa a hannunsa kamar faifai, ƙafafun gaba ba su san ana yi ba. Ta bar hanya ta nufi kwazazzabo. Jerin duwatsun da mata suka gina don tare zaizayar ƙasa ne ya tare ta, ta kwanta a gefenta, albasa ta bi gangare. Allah ya kiyaye rai. Amma Zakariya'u ya karye a cinya, wata fasinja mai suna Kaltuma ta karye a hannu, kuma kafin a kai su asibiti labari ya riga su isa Buza cewa direba ne ya yi gyangyaɗi.

Daga cikin masu zuwa gaisuwa har da Alhaji Usman, shugaban tashar motar Buza, wanda biyu daga 'yan'uwan marigayiya nasa ne. Ya zauna, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya sassauta murya.

"Ɗiyata, ba a hwaɗin aibin mamaci. Ƙaddara ta. Ki bari a ce barci yas sace direba, magana ta mutu. Ni in sai gawar, in kin samu wata mota layinki na lodi a tasha na nan."

"Baba Alhaji," in ji Rahinatu, "Zakariya'u bai yi barci ba. Ina zamne kusa da shi, shina murɗawa shina salati. Kuma naku biyun ma haka suka kuka, kowa na ji."

Alhaji ya tattara rigarsa ya ce duk mai ɓata wa tasha suna ba shi da layi a tasha. Ta raka shi har ƙofa yadda ake raka babba, ta dawo ta yi kuka, don ta san abin da ta rasa, kuma zuciyarta ba dutse ba ce. Da ta share hawaye sai ta ɗauki waya.

Ƙanenta Bilal, wanda ke tuƙin taksi a Abijan, ya ce ta karanto masa lambar shasi, wato doguwar lambar da aka buga a jikin ƙarfen mota tun ranar haihuwarta. Ya sa lambar a shafin kamfanin da ya ƙera ta, sai ga amsa. Tun shekaru da suka wuce kamfanin ya yi wa zuri'ar nan kiranye, ya ce ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafafu yana cinyewa ya karye, a dawo da su a canja shi kyauta. Saƙon ya je wa Baturen da ya fara mallakarta. Shi kuwa ya ga sayarwa ta fi masa sauƙi, sai motar ta hau jirgi, saƙon ya zauna.

Saboda haka iyalan marigayiya suna sanarwa, da babbar murya, cewa ba barci ya kashe ta ba, ba sammu ba, ba bakin mutane ba. Ciwon gado ne, an san sunansa, an san maganinsa. Sun yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma ba su yarda a lulluɓe karyayyen ƙarfe da ita ba. Rahinatu ta kai ƙarfen da kanta wurin jandarmomi, ta kai ofishin sufuri a Tawa, an duba an rubuta, an ce za a bi magana. Tana jira, amma ba a zaune ba.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, wadda yanzu albasarta ke zuwa kasuwa a kan amalanke. Ta bar Zakariya'u a kan tabarma, da sunansa da aka ɓata, wanda wannan sanarwa ta wanke. Ta bar 'yar'uwa ɗaya a Keita, wadda mai ita Malam Faruƙ ya jingine tun da ya ji labari, Allah ya saka masa. Ta kuma bar 'yan'uwa biyu a tashar Buza, suna nan da ransu, kullum suna hawa da sauka a wannan gangare, da mata da 'ya'ya a bayansu, suna cewa "ƙas... ƙas."

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa ba wanka, ba likkafani, ba rabon gado. Masu sayen tsoffin ƙarafa da suka fara zarya su huta, ba za a yanka ta a dasa ciwonta a jikin wata motar ba. Ranar kasuwar Buza mai zuwa, shanu za su jawo gawar zuwa filin da ke daura da ƙofar tasha, a ajiye ta inda duk mai shiga mota zai gan ta, da karyayyen ƙarfen a rataye a goshinta. Rahinatu za ta zauna karɓar gaisuwa a inuwarta. Kada a kawo goro, kada a kawo dabino. Mai mota ya zo da lambar shasinsa a duba masa a waya, fasinja ya zo da kunnuwansa, mai wata ƙara da ya daɗe yana ji ya zo a nuna masa inda ake kai rahoto.

Ba a sa ranar tashi daga zaman makoki ba. Za a tashi ran da aka kwance gaban 'yan'uwan nan biyu aka canja musu ƙarfe. Wanda kuma ya ga gawar ta tsone masa ido, bismillah, ya zo ya tura ta. Da zarar ta iso za a cire mata ƙafafu duka huɗu.