Kwana Huɗu a Gaban Famfo

Masu ruwa sun yi alkawari, ni kuma na yi kwana huɗu ban runtsa ba.

Ga yadda aka yi. Ran Lahadi mota mai lasifika ta ratsa layinmu. Ta ce Mai Girma Babban Mai Almakashi ya tuna da mu, za a sako ruwa cikin makon nan. Ba ta faɗi rana ba, ba ta faɗi lokaci ba. Ta dai ce a zauna cikin shiri. Famfon layinmu guda ne, a ƙofar gidana yake. Rabonsa da ɗigo wata goma sha ɗaya. Gizo-gizo ya yi gida a bakinsa har ya aurar da 'ya'ya.

Da yamma maƙwabta suka taru a gindin bishiya. Tela ya ce, "Ruwan nan ba ya sallama. In ya zo muna barci fa?"

Mai Faci ya ce, "A yi karɓa-karɓa, kowa awa biyu."

Matar Direba ta ce, "Kai da kake minshari a kan taya da rana tsaka? Ga Baba Ido-Biyu a zaune, kuna wata magana."

Sunan nan ba gadonsa na yi ba. Shekara talatin da huɗu ina gadin ma'ajiyar siminti, ba a taɓa kama ni ina gyangyaɗi ba. Kuma an gwada. Shugaban masu gadi ya sha lallaɓowa da takalmi a hannu, kullum ni nake fara yi masa sannu da zuwa. Ban gina bene ba, ban sayi mota ba. Sunan kaɗai na fito da shi daga aiki.

Na ce, "Ku je ku kwanta. In ya zo za ku ji ƙarfe."

Mai Faci ya rataya min tsohon ƙarfen ƙafar mota a reshe, ya ba ni guduma. Aka jera bokitai da jarkoki har ƙofar Tela. Aka sa kwano a ƙarƙashin famfo don in ji ɗigon farko.

Da na shiga ɗaukar tocila, tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta ce, "Maigida, gadin da ka sani na dare ne. Da safe dawowa kake ka kwanta. Wannan ba dare ba rana."

Ban yi wannan tunanin ba. Amma magana ta riga ta fita a gaban mutane.

Gadi yana da ƙa'ida, ko da yake 'yan yanzu ba su san ta ba. Ba ka zama a kujera mai jingina. Ka sa tsakuwa a takalmi. Shayi baƙi, ba sukari. In ido ya yi nauyi, ka riƙe makullai a saman gwangwani. Ka saki, su tona maka asiri. Da waɗannan na ci daren farko kamar wasa.

Ran Litinin da la'asar famfo ya yi tari. Na buga ƙarfe. Layi ya fito kaf, Tela da tef a wuya, Matar Direba da ludayi a hannu. Famfo ya ƙara tari biyu, ya yi atishawa, ya yi shiru. Iska aka sako mana.

A gaishe da masu ruwa. Mutane ne masu tsari. Sun san famfon da ya daɗe da azaba bai kamata a firgita shi da ruwa kai tsaye ba. Sai a fara da iska, a ga ko zai jure. Na ji an ce har kwamiti aka kafa a kan iskar, ya zauna sau shida, aka ci abinci.

Ran Talata kaina ya fara ƙara kamar injin niƙa. Tsohuwata ta kawo tuwon rana... a'a, ban ma san me ta kawo ba, na dai ga ina tauna. Ta tambaye ni ƙarfe nawa, na ce mata Laraba. Can cikin dare na ji tsurrr a kwano. Na buga ƙarfe da ƙarfina. Mutane suka fito da mayafi a kafaɗa, wasu da takalmi wari guda. Aka haska tocila. Akuyar Mai Faci ce, ta tsaya a kan kwano tana biyan buƙatarta.

Tela ya ce, "Baba, wannan ba na hukuma ba ne. Da nasu ne, ba zai kai haka yawa ba."

Aka yi dariya, ban yi ba. Kowa ya ja bokitinsa ya koma gida da shi. Tsohuwata ta ɗauke kwanon da sanda.

Ina tsaye a duhu na tuna da manyanmu, Allah ya ƙara musu nauyin barci. Kun sha ganin hotunansu a taro: kai a karkace, baki a buɗe. An ce nazari suke yi. Ni da na yi irin wannan nazarin sau ɗaya a bakin aiki, da tuni na bar siminti. A gidajensu kuwa ruwa ba ya yankewa. Ciyawar ƙofar gidan Mai Almakashi tana wanka safe da yamma. Jikata sai ran Juma'a, shi ma da kofi ake auna mata.

Ran Laraba na fara gani. Katanga tana numfashi. Shugaban masu gadi, wanda ya rasu shekara tara, ya wuce da takalmi a hannu, na yi masa sannu. Sai ga ruwa yana zuba daga famfo, fari tas, har da ƙananan kifaye. Ban buga ƙarfe ba, na ce bari in fara tabbatarwa. Na durƙusa na tara hannu na wanke fuska.

Matar Direba ta leƙo ta ce, "Baba, da me kake wanka?"

Na duba hannuna. A bushe. Na ce, "Motsa jiki nake."

Nan na kafa wa kaina doka: duk ruwan da na gani a famfon nan ƙarya ne. Ba bugu, ba taɓawa.

Ran Alhamis, sha ɗaya da rabi na rana. Layi ba kowa, maza sun tafi nema, mata suna ciki. Famfo ya yi tari, ya yi gurnani, sai ruwa. Mai ƙarfi, har yana fesa ƙafar kujera.

Na naɗe hannu na ce masa, "Na gane ka. Ina kifayen?"

Ya ci gaba da zuba. Akuyar Mai Faci ta zo ta sha ta ƙoshi. Na ce wannan mafarkin ya iya aiki, har da akuya ya ɗauko. Ina tsaye a kansa, ido biyu, minti ashirin. Sai da sanyi ya ratsa safata na duba ƙasa. Taɓo. Kafin in kai ga guduma famfo ya yi atishawa ya ɗauke.

Na buga duk da haka. Suka fito suka tarar da laka da akuya mai ƙaton ciki.

Mai Faci ya ce, "Baba ya yi barci."

Na ce, "Ban yi ba."

"To me kake yi?"

"Kallonsa nake."

Tela ya ce, "Sannu, Baba Ido-Rufe." Kafin la'asar sunan ya kai bakin titi.

Tsohuwata ta ja ni gefe. Ta ce, "Maigida, ka ce barci ya sace ka. Tsoho ne kai, za a yafe. In ka nace kallo ka tsaya yi, asibiti za su kai min kai."

Na ce ba na ɗaukar laifin da ban yi ba.

Wajen ƙarfe biyar farar mota ta tsaya. Wani ɗan ofis ya fito da laƙtaye da fayil, mai kyamara na bin sa. Daga bakinsa muka ji sirrin. Mai Almakashi ya yanke kirtani a babban bututu da sha ɗaya da rabi. Aka buɗe, aka tafa, aka ɗauki hoto, aka rufe. Yanzu shaida suke nema.

Ya ce, "Baba, an ce kai ne ba ka barci."

Na ce, "An ce."

"Madalla. Ka kalli kyamara ka ce ruwa ya iso layinmu, mun gode. Za mu rubuta a ƙarƙashin hotonka: dattijon da ya kwana huɗu bai runtsa ba. Kowa zai gani."

Matar Direba ta ce, "In ya faɗa, sai me?"

"Sai mu rufe fayil ɗin layinku, Hajiya. An kammala ke nan."

Ga sunana a tafin hannun yaron nan, a wanke, a goge. Kalma shida kawai zan furta in karɓa. Ga kuma bokitai a ƙofar kowa, a kife.

Ku da kuke karanta wannan, na gaya muku gaskiya: na ga ruwan. Ba na fargabar ta kai sama. Manya ba sa karanta jarida, da ita suke rufe fuska in za su yi nazari.

Ɗan ofis ya duba agogo. Ya ce, "To in ba ka gani ba, Baba, sai mu rubuta barci kake."

Na ce, "Ban yi barci ba."

"Ashe ka gani. To faɗa."

Mai kyamara ya matso. Na gyara hula, na cire tsakuwar daga takalmina na ajiye a kan fayil ɗinsa.

Na ce, "Ba zan faɗa ba."