Bindigar Baban Rabi da Kwanson da Ke Kumbura

Ba zan taɓa mantawa da ranar da maharban Gangara, garinmu a ƙasar Damargu, suka yi mini dariya ba, kuma har yau ban yafe wa maigidana rabonsa na laifin ba. Shekara da shekaru yana kallon abin da nake yi, yana sa mini albarka, bai taɓa cewa in bari ba.

Maigidan nawa, Baban Rabi (sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko a rubuce), maharbi ne, da takardarsa ta izini da komai. Tun daga nan har kwarin Tarka, idan dila ya addabi awakin mutane, shi ake aikowa a kira. To, sai ya fara kuskure. Ya auna dila ya harbi geza. Ya auna zabo ya tayar da ƙura. Gari ya ɗauka wai idonsa ya mutu. A daidai lokacin kuma Sarkin Baka, shugaban maharbanmu, ya rasu, ana neman magaji tsakanin maigidana da wani Ɗan Ladi.

Ni kuwa na san idon nan lafiya lau yake. Mutumin da ke hango tsakuwa a cikin tuwo tun daga bakin ƙofa?

Ina da ɗabi'ar tara kwanson harsashi bayan an harba, ina kai wa maƙeri ya yi wa jikokina zobba, don tagulla ce mai kyau. A nan na lura duk kwanson da ya fito daga bindigarmu gindinsa a kumbure yake ta gefe guda, kamar akuya mai ciki. Wa ke sayo wa maharba harsashi daga Damagaram? Ɗan Ladi. Shi ke nan, na gama bincike, na yanke hukunci: ruɓaɓɓu yake ware wa maigidana. (A lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina jin babu abin da ya fi ƙarfin kaina a Damargu.)

Ranar gwajin harbi don fitar da magajin, aka kafa ƙwarya a kan kututture a bayan gari, aka taru maza da mata. Baban Rabi ya durƙusa, ya auna, ya harba. Ƙwarya ko motsi. Ya sake, harsashin ya bi ta gefe ya kakkaɓe reshen aduwa. Na ji wata a bayana tana cewa, "Allah sarki, tsufa." Ban san lokacin da na ratsa cikin maza ba. Na kwance bakin zanena, na zazzage kwansuna a gaban dattawa.

"Ku duba da idonku," na ce. "Ɗan Ladi, ka ji tsoron Allah. Sarautar ce za ta sa ka ba ɗan'uwanka harsashi mai ciwon ciki?"

Ɗan Ladi bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce, "Yaya, miƙo mini ɗaya daga jakar maigidanki, ki zaɓa da hannunki." Na zaɓa. Ya sa a tasa bindigar, ya harba, ƙwarya ta tarwatse. Ya ɗauki kwanson ya ajiye mini a tafin hannu, miƙaƙƙe sumul kamar kara.

Sai Baba Sarjan, wani tsohon soja da ke zaune kan buzunsa, ya ce a ba shi bindigarmu. Ya buɗe ta, ya zura harsashi a ramin da yake kwanciya, ya girgiza. Kowa ya ji yana kaɗawa a ciki, ƙwas-ƙwas. Ya ce ramin nan ya kamata ya rungume harsashi tsam. Idan ya yi faɗi, harsashin a karkace yake kwanciya, wuta na tashi tagullar ta buɗe ta cike gurbin, shi kuma ya fita a karkace ya tafi inda ya ga dama. Sannan ya ɗaga bindigar saitin rana, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe.

"Wannan ba tsatsa ce ta ci shi ba," ya ce. "Ji yadda yake ƙyalli kamar tukunyar amarya. Wa ke goge ta?"

Maigidana, wanda na fito kare wa mutunci, ya buɗe baki a gaban duniya ya ce, "Ai Uwar Rabi ce. Duk Juma'a."

Gaskiya ne. Tun wata damina da ya yi ƙorafin kwanso na maƙalewa saboda tsatsa, nake naɗa soson ƙarfe a kan sanda, in dangwali yashi da toka, in murza ramin nan kamar yadda nake murza gindin tukunya. Duk Damargu babu mai tukwane irin nawa, a tambaya. Matan da ke wurin su suka fara fashewa da dariya, don sun san wannan ƙyallin. Wata har da cewa, "Yaya, da omo ko babu?" Na tsaya da kwanso a hannu, ga zane a kwance, na rasa inda zan sa fuskata.

A gida na tambaye shi dalilin da bai taɓa hana ni ba. Wai ya ga tana kyau. Maharbi guda, mai neman sarauta. Na ce to daga yau na gane ba duk abin da ke cikin ɗakina ne tukunya ba, amma shi ma ya san ba duk aikin da aka ɗauke masa ne alheri ba.

Washegari da sassafe na dama fura, na ɗauka har ƙofar gidan Ɗan Ladi. Na ba shi haƙuri a tsaye, a gajarce. Sannan na ce ya ara wa maigidana bindigarsa a sake kafa ƙwarya, tunda jiya hannuna aka gwada, ba idonsa ba. Ya shiga ciki ya fito da ita. Na miƙa hannu, ya janye.

"Ni zan kai masa da kaina, Yaya," ya ce. "Yau Juma'a."