Ranar da Wayata Ta Shiga Dajin Zurmi

A gidanmu na Kaura Namoda ni ne masanin kwamfuta, ko kuwa haka nake ɗaukar kaina. Wata Asabar na haɗa wasan tuƙa jirgin sama da ke kwamfutata da taswirar wayata, don wayar ta riƙa nuna inda jirgin yake maimakon inda nake. Abu ya yi kyau, har na tafa wa kaina.

Abin da na manta shi ne, tun da 'yan bindiga suka addabi hanya, wana Sani direba ya sa kowa a gidan ya saita wayarsa yadda shi Sani zai riƙa ganin inda kowa yake.

Na tada jirgin na nufi Shinkafi, na karkata ta Zurmi. Shi kuwa Sani yana tasha yana kallon ƙanensa a taswirar wayarsa ya bar kwalta ya nausa daji. Ya kira, na katse, don ina shirin sauka.

Daga ni sai singileti suka banko ƙofa, shi da wani ɗan sa-kai.

"Wa ka ba wayarka?" in ji Yaya Sani.

"Ga ta nan, Yaya."

"To mi ya kai ta bayan Moriki?"

Na nuna musu jirgin. Ɗan sa-kan bai gamsu ba. Ya leƙa ƙarƙashin gado, ya tambaye ni su wa nake kai wa rahoto.

Har yau in na makara sallah, sai wani ya ce, "A matsa wa Kyaftin, yanzu suka sako shi."