Farfesan Ladabi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Farfesa ya yi sallama a ƙofar gidanmu a Dingaya ba. Da safe maigidana zai tafi kasuwar Basirka, ya ce, "Yau Farfesan adabi zai zo wajen Inna, mai shiri a rediyon nan. A karɓe shi da kyau." Ni da na tsaya a aji huɗu, "ladabi" na ɗauka ya ce. (Rediyo kam, in ba gaishe-gaishe ba, ba ruwana.)

Inna surukata ce, kuma duk unguwarmu ita kaɗai ta rage mai waƙoƙin niƙa, irin na kan dutse kafin zuwan inji. Habaici ne da zambo zalla, wasu sai an kori yara. Na ce a raina, mutumin da ya karanci ladabi har ya zama Farfesa ya ji wannan? Ai mun kaɗe.

Na shiga ɗakinta. "Inna, ki rufa mana asiri, yau ban da waƙa."

"Ke 'yar nan, to me zai kawo shi?"

"Tarbiyyar gidaje yake dubawa."

Da ya iso, Inna ta fito zaure da carbinta, ni ina laɓe bayan ƙyaure. Bawan Allah ya yi ta lallashi: "Inna, ko baiti ɗaya." Ta ce ta tuba. Ni kuma uwar iya, a zatona gwada mu yake, na ƙara da, "Ranka ya daɗe, gidan nan ba a waƙa." Ya kashe rakodarsa, ya sha fura, ya tafi. Har yabon kaina na yi.

Kafin kaka Inna ta rasu.

Bara, a walimar auren ƙanwata a Birnin Kudu, aka nuna min shi cikin manyan baƙi. Na ratsa jama'a na durƙusa, na ɗaga murya don a san na san manya: "Farfesa, ga 'yan matan zamani nan, a ɗan koya musu ladabi, tunda shi ka karanta!"

Wurin ya fashe da dariya. Wata malamar makaranta har da riƙe ciki. Shi bai yi ba.

"Hajiya, adabi ne. Waƙa, tatsuniya, karin magana. Su nake bi ƙauye-ƙauye ina ɗauka kafin tsofaffin su tafi. Kamar na san muryarki. Ina Innar nan ta Dingaya? Ina so in sake gwada sa'a."

Na miƙe na sulale na koma cikin mata.

Yanzu in ina tankaɗe nakan laluba waƙoƙin. Amshi biyu kawai suka maƙale, su ma guntaye. Maigidana har gobe cewa yake tsufa ne ya hana Inna waƙa ranar, ni kuma ban gyara masa ba.

Jama'a, in kalma ta shige muku duhu ku tambaya, dariyar yini ɗaya ce. Ni na ƙi tambaya, na sha dariyar, waƙoƙin kuma suna ƙasa tare da mai su.