Jirgin Kwamiti da Ciyawar da Ta Cinye Tabkinmu

Shekaranjiya na jefa birgi, ragata ta kamun kifi, a tabkinmu na gabas da Goronyo, na jawo da ƙarfina duka. Ciyawa ce cike da shi, sai tarwaɗa guda wadda ba ta kai tsawon yatsana ba. Shekara hamsin ina su a ruwanga, ban taɓa komawa gida da kunya irin wagga ba.

Ciyawar baƙuwa ce. Ta yi kama da kainuwa, amma ta ɗara ta girma, tana da fure shuɗi-shuɗi, ko akuyata ba ta kallonta. Bara waccan ba mu san ta ba.

Masu girma 'yan kwamitin hana ta zuwa, su sunka kawo ta. Sun ji ta cinye ruwan wasu garuruwa, sai sunka zo duba ko ta iso wurinmu. Jirginsu mai inji yana bisa mota, an tsamo shi daga ruwan da sunka duba na ƙarshe, ciyawa na reto a gindinshi har da saiwa.

Mu masunta, tun kakanni, ba mu sa jirgi wani ruwa sai mun kankare shi, mun kife shi a rana kwana uku. Na matsa na gaya ma shugabansu haka. Ya ce lokacin tambayoyi bai yi ba. Anka tura jirgi, anka zaga tabki sau biyu, anka ɗauki hoto, anka ci kaji. Sunka rubuta cewa ruwanmu lafiya lau. Ba su yi ƙarya ba, ranar lafiya lau yake.

Yanzu ta rufe fiye da rabi. In ta gama rufewa, ni ba ni da wata sana'a. Maƙwabcina Maccido mai albasa, injin ban-ruwanshi sau biyar yake toshewa kafin azahar. Jiya ya iske ni ina tsamo ta da hannu.

"Baba, mutanenka 'yan kwamiti sun dawo."

"Yin mi?"

"Wayar da kai. Wai jiragenmu na katako ka yaɗa ta."

Na tafi wurin taron. Wani mai tabarau ya tsaya ya koya mani yadda ake wanke jirgi. Ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara ilimi. Kwana biyu ya ce a shanya, ɗaya kawai ya ɓace mashi.

Mutanen Rabah, na ji sati mai zuwa ku za a kai ma ziyara. Manyan baƙi ne, ku girmama su. Ku shimfiɗa masu tabarmi can bisa tudu, inda mota ba ta iya gangarawa bakin ruwa.