Kuzan da Na Kai Riruwai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki kuza na kai wa mutanen Riruwai ba. Idan kai ɗan wannan yanki ne na san tun daga nan ka fara murmushi, domin kai kuza Riruwai, inda ake haƙo wannan ma'adini, daidai yake da ka ɗauki kifi ka kai bakin dam ɗin Bagauda. To ni na kai, cikin sabon kaftani ma. Da a ce kuzan na gaske ne, da da sauƙi.

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Bebeji, shekarata goma sha tara ina shaƙar alli. Ina da tsohon littafin shirin darasi wanda aka canza wa bango sau uku, amma cikinsa bai taɓa canzawa ba. Ina kuma da dutsena. Baƙi ne, yana ɗan ƙyalli, jikinsa duk ƙananan ramuka. Na tsince shi a wani kufai da ke bayan gari shekarar da na fara aiki, ya yi min kama da hoton kuza da ke littafi (hoton baƙi da fari ne, kowane dutse ma zai iya kama da shi). Shekarar farko na ɗaga shi a aji na ce wa yara kuza kamar haka yake. Kafin shekara biyar dutsen ya samu ƙarin girma ya zama kuza sosai, har na naɗe shi a tsumma na sama masa gwangwanin madara. Ni kaina na yarda da shi. Duk shekara idan darasin ma'adanai ya zo sai in buɗe gwangwanin a hankali, yara su riƙa miƙa wuya suna rige-rigen taɓawa, ni kuwa ina gefe ina hura hanci.

Ana nan sai ga sabon tsari daga ma'aikatar ilimi: manhaja ɗaya da jadawali ɗaya ga duk makarantun jiha. Abin da ake koyarwa a mako na bakwai a Bebeji, shi ake koyarwa a mako na bakwai a Doguwa. Aka kuma ce malaman kowane fanni su riƙa haɗuwa wata-wata suna tsara darasi tare. Mu aka haɗa mu da malaman kimiyya na Kiru da Tudun Wada da Doguwa, taron yana zagayawa gari-gari. A kowane taro baƙon malami zai shiga ajin masu masauki ya koyar da darasin makon, sauran malamai suna zaune a baya, in an gama a tattauna.

Gaskiya abin bai yi min daɗi ba. Ni da na koyar da yaran da yanzu su ma sun haifi yara, a ce in zauna a benci ana nuna min yadda ake shirya darasi? Abu ɗaya ne ya sa na riƙa zuwa. Malam Tukur, jami'in da ke kula da taron, ya sanar cewa a ƙarshen zango malamai za su zaɓi jagora a cikinsu. Na duba ɗakin na ga babu wanda ya kai ni furfura, nan take na naɗa kaina a zuci. Har na gaya wa maiɗakina. Ta ce Allah ya tabbatar, ta ci gaba da tankaɗe.

A taron da aka yi a Tudun Wada aka zo kan darasin ma'adanai, wanda zai faɗo a mako na bakwai, makon da za mu je Riruwai. Kafin Malam Tukur ya gama tambayar wa zai koyar, hannuna yana sama. Sai wata Malama Ladi, matashiya mai sanyin murya da ke koyarwa a makarantar da za mu je ɗin, ta ce in ina so za ta samo min samfurin kuza a wurin masu wanke shi a rafi, mu zauna mu tsara darasin tare kamar yadda aka ce a riƙa yi.

"Malama," na ce, ina gyara zaman hula, "ina da kuzana tun kina firamare."

Aka ɗan yi dariya. Ta ce to Malam, ta koma ta zauna. Can gefe Malam Bashir yana ta gyaɗa kai. Shi wannan Bashir tsohon ɗalibina ne, yanzu yana koyarwa a Kiru, kuma duk taro sai ya durƙusa ya gaishe ni, ni kuwa sai in ɗaga murya in ce ga ɗana, ga irin abin da muke yayewa a Bebeji. Da aka raba mu ƙungiya-ƙungiya don tsara darasin, na ce ina da uzuri na sulale (uzurin nan soyayyen kifi ne a Bagauda, Allah ya yafe mini).

Ranar taron Riruwai na sa sabon kaftani ruwan toka, na rungumi gwangwanina, muka cika mota. Muka wuce Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, muka fara hawa duwatsu. Ina ganin tsofaffin ramukan haƙa da tarin ƙasa a gefen hanya, ko gezau zuciyata ba ta yi ba. Wanda Allah ya shirya wa tonon asiri, ko alama ba ya gani.

Aji ya cika, malamai kusan ashirin sun jeru a baya da littattafansu. Na yi sallama, na rubuta kan darasi a allo da rubutuna mai kyau (wannan kam ko maƙiyi ya shaida). Minti goma na farko sun tafi lafiya lau. Sai na ɗauko gwangwani, na buɗe a hankali kamar yadda na saba, na warware tsumma, na miƙa wa yaron da ke layin gaba na ce a zagaya da shi kowa ya gani.

A Bebeji nan ne aji yake kaurewa da hayaniya. A nan kuwa tsit. Yaron ya ɗora dutsen a tafin hannu, ya ɗan jinjina, ya dubi na kusa da shi ya miƙa masa. Shi ma ya jinjina. Wata yarinya har ta kanga shi a hanci. Haka dutsen ya zagaye aji, kowa ya jinjina ya miƙa gaba, ba wanda ya ce uffan. Ni a raina cewa nake kwarjini ne ya kama su.

Na karɓi abina na ɗaga sama na tambaya wa zai faɗa mana mene ne wannan. Babu hannu ko ɗaya. Na sake tambaya. Yara suka sunkuyar da kai suna wasa da biro. Da mai hankali ne da ya tsaya nan ya yi wa kansa tambaya. Ni kuwa sai na ga dama ta samu ta nuna wa masu zaɓe bambancin tsohon hannu da sabon shiga. Na yi 'yar dariya, na waiwaya na dubi Malama Ladi, na ce da ƙarfi yadda na baya za su ji:

"Ikon Allah. Kuna kwana kuna tashi a kan kuza, amma ba a koya muku gane kuza ba?"

Malama Ladi ta zuba wa ƙasa ido. Na nuna yarinyar nan da ta shinshina dutsen na ce ta tashi. Ta miƙe a hankali, ta dubi malamarta, ta dube ni, ta ja bakin hijabi ta rufe baki.

"Malam, kashin maƙera ne."

Ga wanda bai sani ba, kashin maƙera shi ne dattin ƙarfen da ke dunƙulewa a wutar maƙera, wanda ake kwashewa a zubar a bayan gari. A irin kufan da na tsinci nawa ke nan. Amma bakina bai saduda ba. Na ce wato haka kuke kiransa a nan.

"A'a, Malam. Babana maƙeri ne, kullum ni nake share shi."

Wani a baya ya yi tari irin wanda ba na mura ba. Yara dai sun yi min kara, ba su yi dariya ba, kuma wallahi da sun yi da ta fi min sauƙi a kan wannan shirun. Gumi ya keto min ta ƙarƙashin hula, sabon kaftani ya manne a bayana. Na tsaya riƙe da shara a sama kamar wanda ya ci kofi.

Sai Malama Ladi ta taso, wadda na gama yi wa gori yanzun nan. Ta ciro wata 'yar kwalba daga jakarta, cike da baƙin yashi mai sheƙi, ta ajiye a teburina. Ta ce wa yara su tafa wa kansu, Malam gwada su ya yi ya ga ko za a iya ruɗarsu, ga kuzan na gaske nan da zai yi darasi da shi. Ashe duk da abin da na faɗa mata a Tudun Wada sai da ta je ta samo.

Kada ka tambaye ni ko na karɓi wannan rufin asiri. Da hannu biyu na cafe. Na ce madalla, lallai gwaji ne, kuma sun ci. Na ɗauki kwalbar, nauyinta ya ba ni mamaki don ba ta fi ta turare ba, kuma ranar ce na fara ganin kuza da idona. Sauran darasin yara ne suka koyar da ni ina gyaɗa kai kamar na sani: yadda ake wanke ƙasa a kwano, yashi mara nauyi ya bi ruwa, kuza ya kwanta a ƙasa.

Da aka zauna tattaunawa a ofishin malamai, Malam Tukur ya yaba dabarar, ya ce irin abin da ake so ke nan, a sa yaro ya yi tunani. Wasu suka ce a saka ta cikin shirin darasin da za mu riƙa amfani da shi gaba ɗaya. Na fara jin jini yana dawo min jiki. Har na soma tunanin ashe jagorancin nan bai kuɓuce ba. Sai Bashir ya ɗaga hannu, fuskarsa a dame.

"Malam, a gafarce ni. Mu lokacin da kuka nuna mana shi a aji biyu, shi ma gwaji ne? Don ba ku taɓa faɗa mana amsar ba." Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ƙulli. "Ni sai da na yi wata guda ina nema kafin na samu irinsa. Shekara huɗu ke nan ina nuna wa yarana a Kiru."

Ya kwance ƙullin. Ga shi nan, ƙanin dutsena, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ban san wanda ya fara ba, amma ɗakin ya fashe. Malam Tukur ya cire tabarau yana share hawaye. Bashir kaɗai ne bai yi dariya ba, yana kallona da idon nan na ɗalibi mai jiran malami ya warware masa. Wannan kallon shi ya karya ni. Na tuna yara nawa suka bi ta ajina cikin shekara goma sha tara, ga shi har abin ya yi jikoki a Kiru. Na miƙe na ce ba gwaji ba ne. Na ce ban taɓa ganin kuza ba sai yau, Malama Ladi ce ta rufa min asiri, kuma ina neman afuwarta a kan maganar Tudun Wada da ta cikin aji. Ta ce ba komai Malam, ai dalilin taron ke nan.

Ƙarshen zango aka yi zaɓe, Malama Ladi ta zama jagora, kuma hannuna ne ya riga na kowa tashi (wannan karon da saninsa). Ta zuba wa kowace makaranta kuza a 'yar kwalba. Ranar Litinin na shiga ajina a Bebeji da kwalba a dama, gwangwani a hagu, na faɗa wa yara gaskiya. Da na gaya wa maiɗakina yadda aka yi, cewa ta yi ita da ma ta daɗe tana ganin dutsen ya yi kama da abin da ake zubarwa a bayan maƙerar unguwarsu, amma ta ga ni ne malamin kimiyya.

Dabarar gwajin kuwa ta shiga shirin darasinmu. Yanzu duk mako na bakwai malaman kimiyya daga Bebeji har Doguwa sai sun bi maƙera suna roƙon shara, maƙera na mamaki, kuma a tsakaninmu sunana ake kiran dutsen da shi. Gudummawar da na bayar ga ilimin yankin nan ke nan bayan shekara goma sha tara.

Ba na sulalewa daga taro yanzu, kifin Bagauda sai an tashi. Kuma duk abin da na daɗe ina riƙe da shi ni kaɗai a gwangwani, na koyi in miƙa wa na kusa da ni ya jinjina tukuna, tun kafin 'yar maƙeri ta jinjina min shi a gaban mutane.